Yadda Za Ka Zaɓi Burauza, Ka Kuma Sauya Ta Ba Tare da Ka Rasa Komai Ba

Yawancinmu a nan Katsina ba mu muka zaɓi burauzar da muke shiga intanet da ita ba. Wanda ya sayi Tecno ko Infinix ya tarar da Chrome da Phoenix a ciki, mai Samsung ya tarar da Samsung Internet, mai iPhone ya tarar da Safari, ma'aikacin da aka ajiye wa kwamfuta a ofis kuma ya tarar da Edge. A haka ake ta tafiya, har ranar da shafin makaranta zai ƙi buɗewa ana gobe za a rufe rajista, ko data ta ƙare wata bai ko raba ba. Ranar ce wani zai ce maka ai ka sauya burauza kawai. Ka goge tsohuwar, ka sauko da sabuwa, sai ga shi ba ka san kalmar sirrin imel ɗinka ba, don shekara da shekaru tsohuwar ce ke riƙe maka ita.

Sauyawar kanta ba wuya. Abin da ke jawo ciwon kai shi ne fara ta daga ƙarshe, wato gogewa kafin kwashe kaya.

Wace ce wace

Sunayen suna da yawa, amma injinan da ke ƙarƙashinsu uku ne. Chrome, wadda Google ya fitar a 2008, tana kan tushen da ake kira Chromium. Edge ta Microsoft ta koma kan wannan tushen a Janairun 2020. Opera da Brave da Samsung Internet duk a kansa suke. Firefox ta Mozilla ce ke da nata injin daban, Safari ta Apple ma haka. A iPhone kuwa, a nan ƙasar, ko wace burauza ka sauko da ita injin Safari ne ke jan ta, fenti ne kawai ya bambanta.

Amfanin sanin wannan shi ne: idan shafi ya ƙi aiki a Chrome, gwada shi a Edge ko Brave bai cika nuna maka komai ba, tunda 'yan gida ɗaya ne. Firefox za ka gwada. Haka kuma yawancin shafukan hukumomi da makarantunmu an fi gwada su a Chrome, shi ya sa mai biyan kuɗin makaranta ta Remita, ko mai duba gurbin karatu a shafin JAMB, ko mai rajistar bautar ƙasa, ya fi samun sauƙi a can.

Opera Mini ita kam daban take, kuma ita ce aka fi yi wa rashin fahimta. Idan ka kunna mata tsimin data, shafin da ka nema ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin Opera, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su turo maka. Shi ya sa take buɗe labarai a inda sabis ke rawa, kamar kan hanyar Jibiya ko ƙauyukan da ke bayan Daura wajen Kwangwalam. Amma wannan matsewar ce ke lalata fom: ka danna maɓalli ya ƙi motsi, ka cike shafi ya goge, hoton fasfo ya ƙi hawa. Chrome ma ta taɓa samun irin wannan tsimin, sai Google ya cire shi a 2022. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a farkon 2025, ba wanda zai ga laifin mai tsimi. A dai san inda ya dace a yi shi.

Ra'ayina, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni: kada ka wahalar da kanka da neman wadda ta fi kowace. Ka riƙe biyu. Ɗaya ta aiki, wato kuɗi, imel, shafin makaranta da na ofis, wannan Chrome ko Edge ko Firefox. Ɗaya ta karatu da yawo, labarai da sakamakon ƙwallo da sauransu, wannan Opera Mini idan data ce damuwarka, Brave ko Firefox idan tallace-tallace ne suka ishe ka. Brave tana toshe talla da kanta, Firefox kuma tana karɓar ƙarin manhajar toshe talla irin uBlock Origin har a wayar Android, abin da Chrome ta waya ba ta yi. Ta uku da ta huɗu cin wuri ne kawai.

Kafin ka taɓa komai: layinka

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi duk sauran muhimmanci. Duk lokacin da ka shiga Gmail ko Facebook daga sabuwar burauza, suna iya ɗaukar ka baƙo, su tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ka ba su ranar da ka buɗe asusun. To, wane layi ne? Da yawa ba su sani ba. Wani a shagon kwamfuta aka buɗe masa imel lokacin rajistar jarabawa, mai shagon ya sa lambarsa. Wani layin ya ɓace tare da tsohuwar waya, wani an rufe shi lokacin haɗa layuka da lambar NIN bai koma ya buɗe ba.

Saboda haka, tun kana cikin tsohuwar burauzar da ta san ka, shiga myaccount.google.com, ka je sashen Security, ka duba lambar waya da imel na ko-ta-kwana da ke wurin. In ba naka ba ne, ko layin ya mutu, gyara yanzu. Ka yi haka a Facebook da duk wani asusun da rasa shi zai dame ka. Idan ka gama, ka tabbatar ka san kalmar sirrin Google ɗinka da ka. Ita kaɗai ce ba a yarda ka bar wa na'ura ba.

Duba abin da tsohuwar ke riƙe da shi

Abu uku ne: kalmomin sirri, shafukan da ka yi wa alama, da tarihin inda ka shiga. Na farkon ne mai tsada.

A Chrome ta waya, danna ɗigo uku na sama, Settings, sannan Google Password Manager. Za ka ga jerin shafuka, in ka danna ɗaya sai wayar ta nemi zanen yatsa ko lambar buɗe ta kafin ta nuna maka. Idan kana cikin asusun Google kuma ana adana su a can, za ka same su daga kowace na'ura a passwords.google.com. Idan kuwa ba ka taɓa shiga da asusu ba, ko Phoenix ko wata daban ce ke riƙe maka su, to a cikin wayar nan kaɗai suke. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a kasuwa, sun tafi. Irin wannan sai ka zauna da littafi da biro ka kwafe masu muhimmanci. Na san masu ilimin kwamfuta ba sa son a ce a rubuta kalmar sirri a takarda, amma littafin da ke kulle a durowar ɗakinka ya fi saƙon da ka tura wa kanka a WhatsApp aminci nesa ba kusa ba.

Sauko da sabuwa daga inda ya dace

A waya, Play Store ko App Store. Kada ka karɓi burauza ta Xender daga wayar aboki don tsimin data: ba ka san daga ina ya samo ta ba, ga shi za ka ba ta sirrinka gaba ɗaya. A kwamfuta, rubuta adireshin kamfanin da hannunka, kamar google.com/chrome ko mozilla.org. Idan bincike ka yi, ka kula da sakamakon farko-farko masu alamar talla, don 'yan damfara kan sayi wurin su sa jabu.

Kwashe kayan

A kwamfuta abin minti biyu ne. Rufe tsohuwar burauzar gaba ɗaya, ka buɗe sabuwar. Yawanci da kanta za ta tambaye ka ko ta ɗauko bayananka. In ba ta tambaya ba, a Firefox ka shiga Settings ka nemi Import Data, a Edge kuma Settings, Profiles, Import browser data, a Chrome kuwa Import bookmarks and settings. Zaɓi tsohuwar, ka sa alama a kan abin da kake so, ka danna.

Wani lokaci alamomin shafi su taho, kalmomin sirri su ƙi. Nan sai a bi doguwar hanya. A tsohuwar, shiga wurin ajiye kalmomin sirri ka zaɓi Export, za ta fitar maka da fayil mai ƙarewa da csv. A sabuwar ka zaɓi Import ka nuna mata fayil ɗin. Sai ka saurara da kyau: wannan fayil ɗin ba shi da kulle ko kaɗan. Duk wanda ya buɗe shi da Excel zai ga kowane shafi da sunan shiga da kalmar sirrinsa a jere. Da ka gama, goge shi, ka shiga Recycle Bin ka sake goge shi. Kada ya kwana a filashi, kada ka tura shi ta imel, kada kuma ka yi wannan aikin a kwamfutar da ba taka ba.

A waya abin bai kai haka sauƙi ba, don burauzocin waya ba su cika iya ɗauko kaya daga junansu ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a bi ta kwamfuta: ka yi kwashewar a can, ka buɗe asusu a sabuwar burauzar, na Mozilla in Firefox ce, na Microsoft in Edge ce, ka kunna Sync, sannan ka shiga da asusun nan a waya. Komai zai sauko da kansa. Wanda ba shi da kwamfuta, ya koma ga littafinsa ya shiga shafukan ɗaya bayan ɗaya. Galibi waɗanda mutum ke amfani da su da gaske ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Abu ɗaya da ba ya tahowa shi ne zaman da kake ciki, wato shigar da ka riga ka yi cikin asusunka a tsohuwar. Za ka sake shiga kowane shafi, WhatsApp na kwamfuta ma sai ka sake haɗa shi ta Linked devices.

Naɗa ta a matsayin ta farko

In ba ka yi wannan ba, duk adireshin da aka turo maka a WhatsApp tsohuwar ce za ta ci gaba da buɗe shi. A Android: Settings, Apps, Default apps, Browser app. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, in ka rasa ka rubuta default a akwatin binciken Settings. A Windows 10 da 11: Settings, Apps, Default apps, ka zaɓe ta. A iPhone ma ana iya yi tun daga iOS 14 na 2020. Ta aiki ce za ka naɗa, ba ta tsimin data ba, don kada wata rana hanyar biyan kuɗi ta buɗe a inda fom zai lalace.

Tsohuwar kuma ka bar ta kamar mako biyu. Mai ƙaura ba ya mayar da mabuɗin tsohon gida sai ya tabbatar bai bar komai a rataye ba. Ƙarshen wata zai zo, ka je biyan kuɗin wuta ko duba takardar albashi, ka tuna akwai shafin da ka manta. Chrome a yawancin wayoyin Android ba ta goguwa ma, sai dai a dakatar da ita, Edge a Windows ma ka ƙyale ta a wurinta.

Gyare-gyaren ranar farko

Wani kawuna a Daura, tsohon malamin makaranta, ya taɓa miƙo mini wayarsa bayan sallar la'asar, ransa a ɓace.

"Kai, duba mini wannan abu. Tun safe take cewa ta kamu da cuta har guda goma sha, wai in danna a wanke ta."

Na ja saman fuskar wayar ƙasa, ga saƙonni jere da jan rubutu da alamar gargaɗi, kowanne da ɗan tambarin burauza a gefensa da sunan wani shafi da ba a san kansa ba.

"Kawu, lafiyarta lau. Akwai shafin da ya taɓa tambayar ku wani abu kuka danna Allow?"

"Yo ni ina na sani? In abu ya tare mini karatu ai sai in danna ya kauce."

Haka abin yake faruwa ga kowa. Shafi ya nemi izinin turo sanarwa, an ba shi, shi ke nan ya samu ƙofar turo ƙarya. Maganinsa a Chrome: ɗigo uku, Settings, Site settings, Notifications. Ka cire duk shafin da ba ka sani ba, in ka ga dama ka kashe tambayar gaba ɗaya. A sabuwar burauza wannan ne abu na farko da nake yi wa kowa, musamman iyaye.

Na biyu akasin haka ne. Shafukan makarantu da na biyan kuɗi sukan buɗe rasit a wata 'yar taga daban, burauza kuma ta toshe ta a zaton talla ce. Mutum ya biya, kuɗi sun fita, rasit bai fito ba, hankali ya tashi. Duba gefen adireshi ko ƙasan fuska, za ka ga sanarwar an toshe taga, ka ba wannan shafin kaɗai izini. Da rasit ya fito kada ka tsaya ɗaukar hotonsa: a kwamfuta danna Ctrl da P ka zaɓi Save as PDF, a waya kuma Share, Print, sannan ka adana shi haka.

Idan shafi ya fito a guntule a waya, wasu maɓallan ba sa bayyana, kamar yadda masu duba gurbin karatu suka saba gani, danna ɗigo uku ka sa alama a Desktop site. Don rage shan data kuma, nemi Preload pages a Settings ka kashe, don kada ta riƙa sauko da shafukan da take hasashen za ka buɗe. Mai kwamfutar da ke nauyi ya kunna Memory Saver a sashen Performance na Chrome. Edge tana da irinsa, tana kwantar da shafukan da ka bari a buɗe ba ka amfani da su.

Kwamfutar gida da ta shago

Gidan da kwamfuta ɗaya ce, maigida na aikin ofis, uwargida na lissafin sana'arta, yara na aikin makaranta, ba sai kowa ya sauko da tasa burauzar ba. Danna ɗan hoton mutum da ke sama ta dama a Chrome ko Edge, ka ƙara sabon Profile ga kowa. Kowa da alamominsa da imel ɗinsa. Sai dai wannan tsari ne kawai, ba kulle ba, yaro na iya danna na babansa ya shiga. Mai son kulle na gaske ya buɗe wa kowa asusun Windows da kalmar sirrinsa. Wayar yara kuma akwai Family Link na Google, wanda ke ba iyaye damar taƙaita shafukan da za a buɗe.

A shagon kwamfuta kuwa, irin waɗanda ke cika maƙil lokacin rajista a wajen Ƙofar Ƙaura ko kusa da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, doka ɗaya ce: kada ka bar komai. Ka roƙi mai shagon ya buɗe maka taga ta sirri, Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, Ctrl da Shift da P a Firefox. Idan a taga ta yau da kullum aka yi maka aikin, ka sa ido lokacin da ɗan akwatin nan zai fito yana tambayar a adana kalmar sirri. Hannun mai shago ya saba danna Save ba tare da ya duba ba, ba don mugunta ba, layi ne a bayanka. Ka ce masa, "Malam, don Allah Never za ka danna." In an gama ka fita daga imel ɗinka da kanka, ka ce a goge fasfo da takardun da aka sauke, don taga ta sirri ba ta goge abin da ya shiga Downloads. Kuma ba ta ɓoye ka daga kamfanin layi ko mai kula da intanet na ofis. Tarihi da bayanan shigarka ne ba ta ajiyewa a na'urar.

Lokacin da laifin ba na burauza ba ne

Kafin ka yanke hukuncin sauyawa, gwada abu uku. Buɗe shafin a taga ta sirri: in ya yi aiki a can, tarkacen da burauzar ta tara ne ko wata ƙarin manhaja da aka liƙa mata, sai ka danna Ctrl da Shift da Delete ka share cache, wato wannan tarkacen, ka kula kada ka sa alama a kan kalmomin sirri. Sannan ka duba ko tana buƙatar sabuntawa, a waya ta Play Store, a kwamfuta ta About da ke cikin Settings ko Help. Na uku, gwada wani layin. Sau da yawa ranar rufe rajista shafin ne kansa ya cika da jama'a, ko wace burauza ka kawo haka za ta tsaya, sai dai ka bari sai bayan asuba.

Tsofaffin kwamfutoci na da tasu matsalar. Internet Explorer ta yi ritaya tun 15 ga Yunin 2022. Ofishin da har yanzu ke da tsohuwar manhajar da ba ta aiki sai da ita, akwai IE mode a cikin Edge, a yi amfani da shi don wannan aikin kaɗai. Mai Windows 7 ko 8.1 kuma ya sani Chrome ta tsaya masa a lamba 109 tun farkon 2023, Firefox ta tsaya a 115. Za su buɗe shafuka, amma sannu a hankali wasu za su fara ƙi, kuma ni ba zan shiga asusun banki a kansu ba. Windows 10 ma Microsoft ya daina tallafa masa na yau da kullum a 14 ga Oktoban 2025, don haka mai shirin sayen 'yar Beljiyam ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya.

Akwai kuma wata da ke rikita masu irin waɗannan kwamfutocin. Ka kunna, kowane shafi ya ce haɗin ba shi da tsaro, ka sauya burauza uku duk magana ɗaya. Dubi agogon da ke ƙasa ta dama. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar ne ya mutu, burauza kuma ba ta yarda da takardar shaidar shafi idan kwanan wata bai daidaita ba. Gyara lokacin da hannu, shafuka za su buɗe nan take. Idan kuma duk sanda aka ɗauke wuta sai agogon ya sake komawa baya, kai ta wurin mai gyara ya sa sabon batirin. A kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, mai faɗin kwabo, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.